Albashi da Sharuɗɗan Aikin Likita: Bayani ga Majinyata da Iyalansu a Garun Malam da Kewaye

Mutanen karkara suna yawan tambaya: me ya sa idan aka turo likita ba ya daɗewa? Ko kuma yana nan da safe, amma idan naƙuda ta zo da ƙarfe biyun dare sai a ce a wuce Kura ko a wuce Kano? Wani lokaci laifin likitan ne, ba ma musun haka. Amma sau da yawa amsar tana cikin wata takarda da majinyaci bai taɓa gani ba, wato takardar da aka ɗauki likitan aiki da ita, da abin da aka yi masa alkawari a lokacin: nawa za a biya shi, ina zai kwana, dare nawa zai yi yana jiran kira, shekara nawa zai yi kafin a canza masa wuri. Wannan bayani zai nuna muku yadda ake tsara waɗannan abubuwa a Jihar Kano, wanne ake iya ciniki a kansa, wanne ba a iyawa, da inda hannunku zai iya kaiwa.

Wane ne likita?

A ƙauye duk wanda ya rataya abin sauraron ƙirji "likita" ake ce masa. A wajen doka kuwa, likita shi ne wanda ya yi shekara 6 a makarantar koyon aikin likita, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN, ta yi masa cikakkiyar rajista. Hukumar tana ba shi lasisi, kuma kowace shekara sai ya sabunta. Wanda ya yi karatu a waje, kamar Sudan ko Masar ko Indiya, sai ya ci jarrabawar hukumar kafin ya taɓa majinyaci.

Yawancin waɗanda kuke tararwa a ƙananan asibitocin mazaɓu irin su Ciromawa, Kadawa, Garun Babba ko Dorawar Sallau jami'an lafiyar al'umma ne, da nas-nas da ungozomomi. Suna da nasu horon da nasu lasisin, kuma su ne ke riƙe da allurar rigakafi, awon ciki da maganin zazzaɓi. Tsarin albashinsu daban ne, ana kiransa CONHESS. Ba laifi ba ne ku tambayi wanda ke duba ku ko shi wane ne a cikin waɗannan. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wa ke ɗaukar likita, wa ke biyansa?

Wurare uku ne. Gwamnatin Tarayya ce ke biyan likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Gwamnatin jiha ce ke biyan na Asibitin Murtala da manyan asibitocin gundumomi kamar na Kura, ta hannun Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha. Ƙananan asibitocin mazaɓu kuma suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko. Na uku su ne asibitoci masu zaman kansu, inda mai asibiti ke biya daga abin da majinyata suka biya, kuma hukumar PHIMA ce ke sa musu ido a Kano.

Abin lura a nan: likitan gwamnatin jiha ba garinku ne ya ɗauke shi ba. Jiha ce ta ɗauke shi, ta turo shi, kuma takarda guda daga hedikwata ta isa ta mayar da shi birni.

Yadda ake lissafa albashin

Albashin likitan gwamnati ba a bakin kasuwa ake yanke shi ba. Akwai jadawali da ake kira CONMESS, wanda Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa ta fitar a 2009. Yana da matakai 7: na farko na sabon likita ne mai sanin makamar aiki, na bakwai na manyan ƙwararru. A cikin kowane mataki akwai ƙananan hawa-hawa da ake hawa da shekarun aiki.

A kan gundarin albashin ake ɗora alawus-alawus. Akwai na aikin kwana, wato jiran kira da dare da ranakun hutu. Akwai na hatsarin aiki, saboda cututtukan da likita ke iya ɗauka. Akwai na aiki a karkara, akwai na ƙwarewa, akwai na koyarwa. Alawus ɗin hatsari ya daɗe yana Naira 5,000 a wata, har lokacin korona. Sai a Disambar 2021 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi tsakanin Naira 32,000 da 40,000 ga likitoci. A 2023 kuma ta amince da ƙarin kashi 25 cikin 100 ga matakai na 1 zuwa na 6, da kashi 35 ga mataki na 7.

Sai dai duk waɗannan sanarwa ma'aikatan Tarayya suka shafa. Kowace jiha ita ke yanke ko za ta bi, da yaushe, da kuma kashi nawa. Shi ya sa likitoci biyu da suka gama aji ɗaya a Jami'ar Bayero za su iya zama ɗaya a asibitin Tarayya, ɗaya a na jiha, tsakaninsu tafiyar minti ashirin a A Daidaita Sahu, amma abin da ke shiga asusunsu a ƙarshen wata ba ɗaya ba. Daga nan ne yawancin yajin aikin da kuke ji a rediyo ke tasowa. Daga nan ne kuma hanyar ficewa ke farawa: daga karkara zuwa birni, daga jiha zuwa Tarayya, daga Tarayya zuwa Saudiyya ko Ingila. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi a ƙasar nan kusan 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin shekara 5. Waɗanda suka rage ma yawancinsu a manyan birane suke.

Ke nan likitan da aka turo muku yana da zaɓi. Wannan ba barazana ba ce, yanayin kasuwar ne.

Abin da ake iya ciniki a kansa

Tunda jadawali ne ke yanke albashi, likitan gwamnati ba shi da ta cewa sosai a kan adadin kuɗin, in ban da ya tabbatar an ajiye shi a matakin da ya dace da shekarunsa da takardunsa. Cinikin gaskiya a kan sauran sharuɗɗan yake, kuma su ne suka fi shafar ku.

Na farko shi ne gida. Garun Malam tana kan titin Kano zuwa Zariya, kuma idan hanya ta yi kyau ba a cika awa ɗaya daga birni ba. Wannan kusanci alheri ne da rana, matsala ne da dare. Likitan da aka tura gari mai nisa dole ya tare a can. Wanda aka turo nan kuwa zai iya barin iyalinsa a Kano, ya riƙa zuwa da safe yana komawa da la'asar, musamman idan gidan da aka ba shi rufinsa na yoyo, babu ruwa, babu wuta, babu katanga. A takarda asibiti yana da likita. Da dare babu. Kuma zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki da hatsarin mota a kan babban titi ba sa jiran gari ya waye. Likita mace tana da ƙarin tambayoyi: akwai mai gadi? Mijinta zai iya zuwa ya zauna? Akwai makarantar da za ta sa 'ya'yanta? Yankin da mata da yawa suka fi sakewa da likita mace bai kamata ya raina waɗannan tambayoyi ba.

Na biyu shi ne yawan kwana a bakin aiki. Lissafin mai sauƙi ne. Idan likitoci uku ne a asibiti, kowanne zai kwana dare 10 a wata. Idan biyu ne, dare 15. Idan shi kaɗai ne, duk daren Allah nasa ne, kuma da safe layin majinyata na jiransa. Babu ɗan Adam da zai jure wannan na tsawon shekara. Ko dai ya fara kashe waya, ko ya fara kuskure, ko ya nemi canji. Likitan da ya kwana bai runtsa ba hannunsa da tunaninsa ba kamar na wanda ya huta ba ne, kuma jikin majinyaci ne ke biyan bambancin. Saboda haka idan likita ya ce ba zai karɓi aiki ba sai an haɗa shi da abokin aiki, ba raki yake yi ba.

Na uku shi ne kayan aiki da abokan aiki. Likita ba ya iya fiɗa a ciro jariri idan babu mai ba da maganin barci, babu jini a ajiye, babu wutar da za ta haska ɗakin tiyata. Idan babu waɗannan, aikinsa ya koma rubuta takardar "a wuce gaba". Matasan likitoci da yawa wannan ne ke korarsu fiye da kuɗi: mutum ya yi shekaru yana koyon abu, ya ga majinyaci yana mutuwa a gabansa da ciwon da ya san maganinsa.

A wannan yanki aikin ma ba ya lafawa. Ruwan Madatsar Tiga da ke bi ta magudanan Kura, Garun Malam da Bunkure ya sa ana noman shinkafa, tumatir, alkama da albasa rani da damina, ya kuma sa sauro ba ya yankewa. Tsargiya tana kama yaran da ke wanka a magudanai da manoman da ke tsayawa cikin ruwa. Akwai gubar maganin feshi, akwai sarar maciji. Lokacin kakar tumatir kuma Kwanar Gafan tana cika da 'yan kasuwa da leburori da manyan motoci. Likitan da ya san abin da yake yi zai tambayi ko ɗakin gwaji yana iya duba jini da fitsari, ko akwai iskar numfashi, ko akwai motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tankinta.

Na huɗu shi ne wa'adi da ƙarin karatu. Yawancin matasan likitoci suna son shiga horon ƙwarewa, wanda ake yi a asibitocin koyarwa kuma yake ɗaukar shekaru. Tsoronsu shi ne a turo su karkara a manta da su. Wanda aka ce masa a rubuce "ka yi shekara 2, sannan mu sake ka ka tafi karatu da albashinka" ya fi zama da zuciya ɗaya a kan wanda bai san ranar fitarsa ba. A ganinmu gara likitan da zai yi shekara 2 cur yana kwana a gari da wanda sunansa zai yi shekara 5 a allon asibiti ana ganinsa sau biyu a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2010 da ta sabunta a 2021, ta nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya riƙe ma'aikacin lafiya a karkara, sai an haɗa da muhalli, kayan aiki da damar ci gaba. Kuma wanda ya tashi a karkara ya fi yiwuwa ya koma ya yi aiki a can.

Idan al'umma za ta sa hannu

Ba ku ne ke biyan albashi ba, amma gida, ruwa, tsaro da mutunci suna hannunku. Kowace mazaɓa ya kamata tana da Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa da ke aiki da ƙaramin asibitinta. Ta nan, da ta hannun dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, ake kai buƙata ga hukumomin jiha. Buƙatar da ta zo da "mun gyara gidan likita, mun haɗa ruwa da sola, ga mai gadi" ta fi wadda ta zo da kuka kawai nauyi. Ƙungiyoyin manoman rani da na 'yan kasuwar shinkafa da tumatir suna da ƙarfin yin wannan.

Amma kada ku yi alkawarin da ba za ku iya cikawa ba. Akwai darasi a shirin tura ungozomomi karkara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2009. An tsara cewa Tarayya za ta biya kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 ta kuma ba da masauki. A wurare da dama kason Tarayya ne kawai ya riƙa zuwa, masaukin ma bai samu ba, ungozomomi suka yi ta barin wuraren. Idan ƙungiyarku ta ce za ta riƙa ƙara wa likita wani abu a wata, ku fara tambayar kanku daga ina kuɗin zai fito a shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ko farashin shinkafa ya faɗi. Ya fi aminci ku zuba kuɗin a abin da zai tsaya, kamar rufi da rijiyar burtsatse, wanda likita na gaba ma zai tarar. In kuwa za a yi ƙarin wata-wata, a yi shi da sanin hukumar da ta turo likitan, a rubuce, ta asusun ƙungiya. Kada ya fito daga aljihun mai kuɗi guda, don kada likitan gari ya koma likitan gidan Alhaji.

Ku ma kuna da abin nema a madadin haka, kuma tun ran gini ran zane: a liƙa jadawalin masu kwana a ƙofar asibiti da lambar da za a kira, a faɗi ranakun da likita zai tafi hutu da wanda zai tsaya masa, a sanar da kwamiti kafin a ɗauke shi.

A asibitin gwamnati kuɗin kati, gwaji da magani wajen mai karɓar kuɗi ake biya, a ba ku rasit. Albashin likita ba daga hannunku yake fitowa ba, kuma ƙa'idar aikin likita ta hana shi janye majinyaci daga asibitin gwamnati zuwa nasa na kansa. Idan kun ga haka, ku kai wa shugaban asibitin, in bai yi komai ba ku kai hukumar da ke sama da shi.

Asibiti mai zaman kansa

A nan ne ake ciniki na zahiri, domin babu jadawalin da ya ɗaure mai asibiti. Wasu suna biyan albashi tsayayye. Wasu suna biya da awa ko da dare, musamman ga likitan da ke zuwa bayan ya tashi daga wani aikin. Wasu kuma suna ba likita kaso daga kuɗin tiyata, gwaji ko maganin da ya rubuta.

Wannan na ƙarshe shi ne ya kamata ku sani. Ba kowane likita mai karɓar kaso ne ke cutar mutane ba, amma tsarin yana jan hannu zuwa ƙarin ruwa, ƙarin hoto da ƙarin allura. Kariyarku ita ce tambaya. Wannan gwajin me zai nuna? Idan ba a yi ba me zai faru? Akwai ƙwaya da za ta yi aikin wannan allurar? Nawa ne jimillar kuɗin kafin a fara? Idan tiyata ce ba ta gaggawa ba, kuna da damar jin ra'ayin wani likitan. Ku kuma tambayi ko akwai likita a wurin da dare kafin ku yarda a kwantar da majinyacinku.

Idan ɗanku ko 'yarku ne likitan

Iyaye da yawa sun sayar da gona ko shanu kafin yaro ya gama, don haka da takardar aiki ta zo sai a ce ya karɓa da bismillah. Ku ba shi kwana biyu ya karanta. Ya duba ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. Ya nemi a rubuta masa matakinsa da kowane alawus da sunansa. Ya tambayi likitocin da ke aiki a wurin ko ana biya a kan lokaci, domin wannan ba ya cikin takarda. Idan asibiti mai zaman kansa ne, ya tambayi fansho: dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Ya duba tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa, da hutun shekara, da hutun haihuwa. Alkawarin baki na "za mu duba bayan wata uku" a mayar da shi rubutu, da kwanan wata.

Idan gwamnati ce ta biya masa karatu, wataƙila ya sa hannu a yarjejeniyar yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Ku nemo kwafin ku karanta, musamman idan ɗaya daga cikinku ne ya tsaya masa, domin idan ya tafi kafin wa'adi mai tsayawar ake nema. Kada kuma ya miƙa wa kowane mai asibiti ainihin takardun shaidarsa a matsayin jingina; kwafi ya isa.

Abu guda da iyali ke yi ba tare da sun lura ba: da an ji yaro ya zama likita sai a jera masa kuɗin makarantar ƙanne, bikin 'yar uwa da takin damina, a kan albashin matakin farko. Wannan nauyi yana cikin abin da ke tura matasa aikin dare a asibiti biyu ko uku, ko neman biza. Ku tambaye shi nawa yake ɗauka kafin ku raba.

A daren da babu likita

Kafin a gyara duk wannan, ku san abin yi. Tun a awon ciki ku tambayi ungozoma wane asibiti mafi kusa ne ke yin tiyatar haihuwa da ƙarin jini da dare, ku ajiye lambar direba da kuɗin mai, ku san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Kada ku jira gari ya waye idan mai ciki ko mai jego tana zubar da jini, ko tana jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko naƙuda ta wuce awa 12. Haka yaron da ke suma, ko ya kasa shan nono, ko numfashinsa na sama-sama.

Wanda ya sha ko ya shaƙi maganin feshi, ku cire masa kayan jikinsa, ku wanke shi da ruwa da sabulu, kada ku sa shi amai, kada ku ɗura masa manja ko madara, ku tafi da robar maganin. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauke shi. Ku bari jami'in lafiyar da ke bakin aiki ya yi taimakon farko ya rubuta muku takardar turawa, domin tana rage muku jira a can. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da rashin kuɗin ajiya a hannu.